Idan An Rufe Gidan Raino, Ina Yaran Suke Zuwa?

Zancenmu na yau ya shafi gidajen raino, wato wuraren da ma'aikata da 'yan kasuwa ke ajiye ƙananan 'ya'yansu da safe su ɗauke su da yamma. Duk lokacin da annoba ta ɓulla, magana biyu ake yi a kan waɗannan gidaje, kuma a rarrabe ake yin su. Jami'an lafiya suna zancen wanke hannu da tazara da feshin magani, iyaye kuwa suna kukan rashin gurbi da tsadar kuɗin wata. A ganina matsalar guda ɗaya ce. Muddin gurabe sun yi kaɗan, babu dokar tsafta da za ta yi aiki yadda ya kamata, domin duk matakin da ke tare cuta a tsakanin yara yana bukatar fili, da isassun masu raino, da uwar da ke da halin ajiye ɗanta a gida ranar da ya tashi da zazzaɓi.

Abin da 2020 ta nuna mana

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Najeriya, a Legas. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu a faɗin ƙasar, an kuma sa dokar kulle a Legas da Abuja, sannan Kano ta bi sahu a watan Afrilu. Gidajen raino sun rufu tare da makarantu, kuma yawancin makarantun ba su dawo ba sai wajen Oktoba. Amma dokar kullen ba ta hau kan kowa ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu harhaɗa magunguna da jami'an tsaro da masu sayar da abinci, duk an ce su ci gaba da fita. Da yawa daga cikinsu mata ne masu goyo. An ba su izinin wucewa a shingen jami'an tsaro, amma ba a gaya musu inda za su ajiye 'ya'yansu ba.

Yaran kuwa suna nan, dole wani ya riƙe su. Wasu an kai su wurin kakanni, alhali tsofaffi da masu hawan jini da ciwon sukari su ne korona ta fi kwantarwa, ta fi kuma kashewa. Ke nan uwar da ta wuni a asibiti tana iya kawo ƙwayar cutar gida, yaro ya ɗauka ba tare da ya nuna wata alama mai tsanani ba, gobe ya kwanta a cinyar kakarsa. Wasu an tara su a ɗakin wata maƙwabciya, inda babu wanda ke duba yawansu balle tsaftar wurin. Wasu an bar su hannun yayye mata da ba su wuce shekara tara ko goma ba, ga risho, ga rijiya, ga magunguna a kan durowa. Wasu kuma an goyo su har wurin aiki. An rufe gidan raino don a kare yara da iyalansu, sai aka watsa su inda ido ba ya kaiwa. Gudun gara aka yi, aka faɗa gidan zago.

Ba kowace ƙasa ce ta bi wannan hanya ba. A Birtaniya, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, an bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan ma'aikatan da ba za a iya yi ba sai da su. Ƙasar Denmak kuwa tun ranar 15 ga Afrilu 2020 ta sake buɗe gidajen raino da ƙananan azuzuwa, bisa sharaɗin a kasa yara ƙananan rukunoni, a yawaita zama a waje, a kuma yawaita wanke hannu. Sun iya hakan ne saboda tun kafin annoba sun san adadin gidajen rainonsu, sun san masu aiki a ciki.

Ƙarancin ya girmi annoba

A wurinmu giɓin ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata shida. Dokar ƙwadago ta Najeriya kuwa mako 12 ta tanada na hutun haihuwa, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun fiye da haka. Jihohi kamar Legas da Kaduna sun kai nasu wata shida, abin a yaba, amma mai aiki a makarantar kuɗi ko kanti ko ƙaramin asibiti mai zaman kansa sau da yawa abin da mai wurin ya ga dama shi take samu. Mai tuya da mai awo a kasuwa kuwa ba su san wani abu wai shi hutu ba.

Sakamakon haka shi ne jariri yakan shiga hannun mai raino yana ɗan wata uku ko huɗu. A duba jadawalin riga-kafi a gani. Allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14. Allurar ƙyanda ta farko sai a wata na 9, ta biyu a wata na 15. Ke nan jaririn da aka kai gidan raino yana da wata huɗu zai yi wata biyar cur a cikin yara kafin lokacin allurar ƙyandarsa ya zo. A tsawon wannan lokaci kariyarsa ta dogara ne a kan ɗan abin da ya samu daga jikin uwarsa, da kuma ko sauran yaran ɗakin an yi musu tasu allurar.

Idan masu neman gurbi suka fi gurbin yawa, abu uku ke biyo baya. Na farko cunkoso: ɗakin da ya dace da yara goma sai a zuba ashirin, domin mai gidan tana da haya da albashi a wuyanta, ga kuma iyaye suna roƙo. Na biyu, bakin iyaye yakan mutu. Uwar da ta yi wata biyu tana jiran gurbi ba za ta tsaya tambayar inda ake wanke hannu ba, don kada a ce mata ta nemi wani wuri. Na uku, kuma shi ya fi damuna, shi ne ɓoye ciwo.

Farasitamol da ma'aunin bakin ƙofa

A lokacin korona kusan kowace ƙofa an tsayar da mai riƙe da na'urar auna zafin goshi. A gidan raino wannan na'ura tana da sauƙin yaudara, kuma mu da ke tsaye a tagar ba da magani mun san yadda ake yi. Yaro ya kwana da zazzaɓi. Uwa ba ta da wanda za ta bar wa shi, kuma idan ta yi fashin aiki za a yanke mata albashi ko a rubuta mata takardar tuhuma. Sai ta ba shi farasitamol da ƙarfe bakwai. Kafin su isa bakin ƙofa jiki ya yi sanyi, na'ura ta nuna lafiya lau. Aikin farasitamol awa huɗu ne zuwa shida, saboda haka zuwa azahar zazzaɓin ya dawo, bayan yaron ya yi rabin wuni yana tari da wasa a cikin 'yan'uwansa. Farasitamol yana sauke zafin jiki ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya kuma hana ta yaɗuwa.

Akwai haɗari na biyu a nan, wanda ya shafi yaron kansa. Mai raino ba ta san an ba shi magani da safe ba, sai ta ɗauko kwalbar da ke wurinta ta ƙara masa. Da yamma uba ya biya kyamis ya sayo maganin mura, wanda sau da yawa shi ma akwai farasitamol a cikinsa. Ga magani ɗaya ya shiga jikin yaro ta hannu uku, babu wanda ya lissafa. Ƙa'idar farasitamol ga yaro tana bin nauyin jikinsa ne, kimanin miligiram 15 ga kowane kilo, kuma kada ya wuce sau huɗu a cikin awa 24. Wuce iyaka yana lahanta hanta, kuma lahanin ba ya bayyana nan take.

Cunkoso yana haifar da wata mummunar ɗabi'a kuma. Idan mace ɗaya ta ga jarirai sun fi ƙarfinta, tana iya komawa ga magungunan da ke sa barci irin su Piriton ko Phenergan don ta samu sararawa. Ba a ba yaron da bai kai shekara biyu Phenergan ko kaɗan, domin yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin kuwa tun 2018 gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Yaron da kullum ake miƙo shi da yamma yana layi, jiki a sake, ya kasa kama nono sosai, ya kamata iyayensa su yi tambaya ba tare da jin nauyi ba.

Ban kawo waɗannan don ɗora wa uwa ko mai raino laifi ba. Dukansu an matse su ne. Wanda ya tsawata wa uwar da ta ɓoye zazzaɓi, ya ƙyale tsarin da bai ba ta hutun kwana biyu na jinyar ɗanta ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Matakan ganin ido da matakan gaske

Wasu matakan sun fi kyan gani fiye da amfani. Feshin magani a ɗakuna da harabar gida yana kwantar wa iyaye hankali, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawararsa a kan korona ba, ta kuma yi gargaɗi a kan fesa wa mutane sinadari a jiki. Ɗakin da aka fesa ranar Lahadi, da zarar yaro mai mura ya yi atishawa a cikinsa ranar Litinin an koma gidan jiya. Takunkumi ma haka yake ga ƙanana. A watan Agusta 2020 hukumar tare da UNICEF sun ce kada a tilasta wa yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa sa takunkumi. Ga ɗan ƙasa da shekara biyu kuwa haɗari ne, don yana iya toshe masa numfashi. Manya masu raino su ne ya dace su sa. Tazara tsakanin yaro da yaro kuwa, duk wanda ya taɓa raino ya san ba ta yiwuwa. Mai rarrafe ba ya jin doka, kuma jariri sai an ɗauke shi.

Abin da ke aiki shi ne ƙaramin rukuni da ba ya canzawa: yara kaɗan, mai raino guda ko biyu, ɗaki ɗaya, ba sa cuɗanya da wani rukunin. Idan cuta ta shiga, iyakarta wannan rukunin, kuma su kaɗai za a sallama gida maimakon a rufe gidan baki ɗaya. A Ingila doka ta ce babba ɗaya kada ya wuce yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu. Ko ba mu kai nan ba, mace ɗaya da jarirai goma ba raino ba ne.

Sai iska. Korona da mura da ƙyanda duk sun fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki, kuma ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Da hunturu mukan toshe tagogi saboda sanyi da ƙura, da bazara masu hali su rufe ko'ina su kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ya kamata a bar tagogi biyu masu fuskantar juna a buɗe, a sa wa yara rigunan sanyi idan ana sanyi, a riƙa fitar da su rumfa ko inuwar bishiya. Fanka a rufaffen ɗaki juya iska ɗaya kawai take yi.

Sai wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, na aƙalla daƙiƙa 20, bayan canza kunzugu, bayan fo, bayan share majina, da kafin abinci. Buta ko bokiti mai famfo sun wadatar. Abin gudu shi ne kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu, da tawul ɗaya da kowa ke gogewa. Sanitaiza tana amfani idan alkohol ɗin cikinta ya kai kashi 60 cikin 100, amma ba ta wanke hannu mai datti, ba ta kuma da ƙarfi a kan wasu ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa, sannan guba ce idan yaro ya sha. A ajiye ta inda hannunsa ba ya kaiwa. Kowane yaro da kofinsa da cokalinsa da shimfiɗarsa. Wurin canza kunzugu ya yi nesa da wurin dama kunu.

Ga goge tebur da ƙofa da kayan wasa, ruwan bilic irin su Jik da Hypo ya isa, in an san haɗinsa. A duba jikin kwalba. Idan an rubuta kashi 3.5, to awo ɗaya na bilic a cikin awo 34 na ruwa, wato kimanin babban cokali biyu a lita guda. Ga wurin da aka yi amai ko bayan gida, awo ɗaya cikin awo shida na ruwa. A fara wankewa da sabulu, sannan a goga, a bar shi ya jima kafin ya bushe. Kayan wasan da yara ke sa wa a baki a ɗauraye su da ruwa mai tsabta daga baya. A haɗa sabo kullum. Kada a gauraya bilic da wani ruwan wanke banɗaki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Kuma kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha.

Na ƙarshe shi ne katin riga-kafi. Ɓarkewar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba a yi wa allura ba ko ba a kammala musu ba. Gidan rainon da ke duba kati kafin ya karɓi yaro, ya kuma tura wanda ya tsallake allura zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ya yi wa jariran ɗakinsa aikin da feshi ɗari ba zai yi ba. Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce rage yawan yara a ɗaki zai ƙara ƙarancin gurbi, kuɗi kuma ya tashi. Gaskiya ne, idan aka tsaya a nan. Shi ya sa dokar rage cunkoso ba ta isa ita kaɗai, dole a haɗa ta da ƙara gurabe. Kuma filin yana nan. Azuzuwan islamiyya da yawa a rufe suke da safe a ranakun aiki. Asibitoci da sakatariyoyi da kwalejoji da manyan kasuwanni ba za su rasa ɗaki biyu da rumfa ba. A unguwanni kuma akwai dattijai mata da tuntuni suke riƙe yaran maƙwabta. Maimakon a yi kamar ba a san da su ba, a yi musu rajista mai sauƙi ba tare da haraji mai nauyi ba, a koya musu tsafta da alamomin haɗari, a ƙayyade yawan yaran da kowace za ta riƙe, a riƙa leƙa su.

Wani kuma zai ce ai maganin abin shi ne uwa ta zauna a gida. Wadda ke da hali kuma ta zaɓi haka, madalla. Amma mu ɗin nan ne, idan matanmu suka zo haihuwa, muke neman mace ta karɓe su. Mu ne muke so malama ta koyar da 'ya'yanmu mata. Ungozomar da ke kwana a ɗakin haihuwa ita ma uwa ce. Ba daidai ba ne al'umma ta nemi aikinta da tsakar dare sannan ta ce renon ɗanta matsalarta ce ita kaɗai. Ga kuma wadda mijinta ya rasu, da wadda aiki ya kai ta garin da ba ta da dangi.

Abin da ya kamata a yi tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatun lafiya da na ilimi da na harkokin mata a jihohi su san gidajen rainon da ke ƙarƙashinsu, su rubuta tun yau yadda za a tafiyar da su idan wata annoba ta zo, da tanadin gurbi na gaggawa ga 'ya'yan ma'aikatan da ba za su zauna a gida ba. Masu ɗaukar ma'aikata, musamman asibitoci, su buɗe ɗakin raino a wurin aiki, su kuma ba uwa ko uba 'yan kwanaki na jinyar yaro ba tare da yanke albashi ba. Kwana biyun nan sun fi arha a kan ma'aikata biyar su yi fashi mako mai zuwa saboda cuta ta zagaye ɗaki. Masu gidajen raino su ba wa ma'aikatansu hutun rashin lafiya, don mai rainon da ke tari ita ma tana ɓoyewa idan ta san za a cire mata kuɗin ranar. Su kuma tabbatar wa iyaye cewa gurbin yaron da ya kwanta ciwo yana nan yana jiransa.

Ku kuma iyaye, kafin ku ajiye yaro ku shiga ɗakin da kanku. Ku ƙirga yara, ku ƙirga manya, ku dubi tagogi, ku nemi a nuna muku sabulu da ruwa. Ku yi sharaɗi cewa ba za a ba ɗanku kowane magani ba sai wanda kuka kawo, da sunansa da awonsa da lokacinsa a rubuce. Ku shirya tun da wuri wanda zai riƙe shi ranar ciwo, kuma uba ya sa kansa cikin wannan lissafi. Mai zazzaɓi ya zauna a gida har sai ya yi awa 24 jiki bai yi zafi ba ba tare da magani ba. Mai amai ko gudawa sai bayan awa 48 da tsayawarsu, ana ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc. Mai ƙuraje tare da zazzaɓi kada ya koma sai ma'aikacin lafiya ya gan shi. Kada a ba da maganin maleriya sai an yi gwaji, kada kuma a sayo maganin kashe ƙwayoyin bakteriya don mura, domin ba ya yi mata komai.

Idan kuwa yaro yana numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono da ruwa, ko yana aman duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare ko ya kumbura, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, to a nufi asibiti nan take. Haka ma jaririn da bai kai wata uku ba idan zafin jikinsa ya kai 38, ko da yana kama nono.

Ɗa na kowa ne, kuma cutar da ta shiga ɗakin raino ɗaya gidaje ashirin take bi da yamma. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.